Abin da Abbanki Ya So In Gani a Siwa

Dokki, Alƙahira
Hutun sanyi, 2015

Walida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, kina zaune a gefen taga, motarku ta riga ta bar hayaniyar Giza a baya. Allah ya tsare muku hanya, ya rage muku nisanta, ya sauke ku lafiya ke da Abbanki, ya kiyaye ku daga sharrin ƙarfe da na mutum.

A aljihun gefen jakarki na sa ta, inda kike ajiye biskit, don na san can hannunki zai fara zuwa. Kin san ni da ke ba mu saba doguwar hira ba. Ke ce ta fari, kuma sunan mahaifiyar Abbanki kika ci, ko sunanki na yanka ba na iya kira. Bakina nauyi yake yi a gabanki. A takarda kuwa ba na jin wannan nauyin, don haka ki yi haƙuri da tsawonta.

Wannan ne karon farko da za ki kwana a wani gari ba na kusa. Ba kuma shi ne na ƙarshe ba, tunda idan aikin Abbanki a ofishin jakadanci ya ƙare bana muka koma gida, makarantar kwana za ki shiga. Sanyinmu na ƙarshe ke nan a Masar. Da so samu ne da ni za a yi tafiyar nan, amma likita ta ce a halin da nake ciki ba zan iya zaman mota mai nisa haka ba, sai ƙaninki ko ƙanwarki ya iso.

Jiya ina kicin na ji ki a falo kina cewa, "Abba, wai da gaske masaukin babu wuta, babu talabijin? To me za mu je yi?" Yana tsugune yana ɗaure bargo da igiya. Bai ɗago ba, ya ce, "Za ki gani." Na tsaya da ludayi a hannu, don muryata na ji ta fito daga bakinki. Ni ma na taɓa zuwa Siwa da shi, ban kuma taɓa ba ki labarin yadda ta kaya ba.

Shekarar da muka zo ne, kina tsakiyar famfara, bakinki duk giɓi. Sanyin farko a garin nan ya wahalar da ni ƙwarai. Muna can saman bene, tayil kamar ƙanƙara, ƙarar motoci ba ta ɗaukewa. Larabcin da na koya a Islamiyya kuwa, da na yi wa mai tumatir sai ya ɗaga hannu sama ya ce "amin", abokansa su bushe da dariya. Na daina fita. Abokan zamana su ne littattafan soyayyar da na ciko jaka da su daga Kano, waɗanda Abbanki ya ce in rage in ƙara kuka da daddawa na ƙi. In kai ki makaranta, in dawo in shige bargo, in buɗe littafi, shi ke nan na bar Masar.

Wata rana ya dawo daga aiki ya ce, "Zulai, na samo mana wuri. Hutun nan ni da ke za mu je Siwa. Walida ta zauna wajen Maman Sadik." Maƙwabciyarmu ta ƙasa ke nan, kin tuna ta. Ya ce gari ne na dabino da zaitun da idanun ruwa, a tsakiyar hamada, can yamma kusa da iyakar Libiya. Ban saurari sauran bayanin ba. A littattafaina, idan miji ya ce wa matarsa za su tafi hutu, kina juya shafi za ki ga otal mai hawa-hawa, da gado mai rumfa, da furanni a kan zanin gado, da ma'aikata masu fararen kaya suna rusunawa. Kafin ya gama magana na gama gina otal ɗin a kaina, har da launin labule.

Na shirya akwati da leshi, da shadda, da mayafai shara-shara, da takalmi mai tsini, da humra da turaren wuta. Ya leƙa ciki ya ce, "Ina rigar sanyinki?"

Na ce, "Hamada fa ka ce za mu."

"To ki sa ko safa ce."

"Safa a kan wannan takalmin? Haba, Abban Walida."

Na san sarai iskar sanyinmu ta gida ma daga hamada take tasowa. Amma ban taɓa karanta inda jaruma ta je hutu da hular sanyi ba, ni kuma jaruma na ɗauki kaina. Muna sauka daga mota iskar garin ta ratsa leshin nan kamar ban sa komai ba. Haƙorana suka dinga haɗuwa. Ya tuɓe rigar sanyinsa ya ba ni, ya ba ni safarsa. Haka na yi zaman Siwa, leshi a ƙasa, ƙatuwar rigar namiji a sama, shi kuma yana yawo da kaftani ɗaya. Da mura ya dawo, ta daɗe ba ta sake shi ba.

Don haka, Walida, rigar nan mai ruwan toka da kika ce tana mai da ke kamar buhu, ki sa ta. Na sa miki safa masu kauri, da hula, da wando na sawa ƙarƙashin doguwar riga. Man kaɗanya yana cikin ƙaramin gwangwani, ki riƙa shafa wa leɓe da dunduniya, iskar can tana tsaga fata. Da rana za ki ji ɗumi ki yi zaton an gama, kada ki yarda. Rana na karkatawa sanyin yake dawowa. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, idan kin ƙi ɗaukar naki kayan sanyin, ba ke za ki ji sanyin ba, Abbanki ne.

Daga tasha amalanken jaki ne ya ɗauke mu. Na ce wa raina, wataƙila otal ɗin yana bayan gari. Muka ratsa gonakin dabino, muka tsaya a ƙofar wani gida. Dattijon da ke kula da masaukin, Ammu Idris, ya buɗe mana ɗaki. Bango na laka, an cuɗa da gishirin tafkinsu, har yana ɗan ƙyalli. Rufi na azarar dabino. Tabarma a ƙasa, fitilar ƙwai a rataye, tulu a lungu, barguna masu kaushi a kan gado, da kaskon garwashi a tsakiya.

Na ce da Hausa, "Nan ne ɗakin ajiye kaya?"

Ammu Idris bai ji ba. Ya washe baki ya ce, "Tamam?" wato ko ɗakin ya yi.

Abbanki ya ce, "Tamam, ya Ammu."

Yana jan ƙofa na juyo. Na ce, "Tun daga Kano ka ɗauko ni, ka hau da ni jirgi, ka kawo ni Masar, ka sake zaunar da ni a mota har ƙafata ta kumbura, don ka kwantar da ni a ɗakin ƙasa? Wannan ai ɗakin Kaka ne."

Ya ce, "Na sani."

"Ka sani?"

"Shi ya sa."

Ban tambaye shi shi ya sa me ba. Na leƙa taga na hangi wasu Turawa, mata da miji, suna shafa bangon ɗakinsu suna ɗaukarsa hoto. Na ce, "Dube su. Abin da muka gudo, shi suka taso daga ƙasarsu su kwana a ciki." Abbanki ya tsuguna yana gyara garwashi.

Sai da zafi ya shigo, watanni bayan mun dawo, na gane. Wata la'asar muna shan shayi a baranda, bawwab, mai gadin gidanmu, ya yayyafa ruwa a ƙofar gida, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso har sama. Na lumshe ido na ce, "Ina kewar ɗakin Kaka. Ƙamshin ƙasa, ba ƙarar mota, ba kowa." Abbanki ya ajiye kofinsa ya dube ni ya ce, "Ai kin faɗa mini." Nan take na tuna sau nawa na faɗi wannan magana a sanyin farko, wani lokacin ina kuka. Ashe ya riƙe. Ya bi abokan aikinsa yana tambaya, a duk faɗin Masar ina ake samun ɗakin ƙasa mai shiru, har aka kwatanta masa Siwa. Ya kai ni abin da na roƙa da bakina, ni kuma na tsaya ina neman abin da na karanta.

Idan Ammu Idris yana nan, shi zai buɗe muku ƙofa. Ki gaishe shi da ladabi, ki ce matar nan mai leshi da rigar maza tana gaishe shi, zai tuna. Idan kin shiga ɗakin, kafin ki ce komai, ki ɗora tafin hannunki a bangon, ki shaƙa. A irinsa uwarki ta yi wayo. Kakata takan shimfiɗa mini buzu kusa da ita, ta sa goro a baki tana ba ni tatsuniya har muryarta ta shige barci. Ba ki riske ta ba, ɗakin ma an rushe an yi na bulo. Wannan ne mafi kusa da zan iya nuna miki. Duk sanda Abbanki ya kawo miki abin da bai yi kama da wanda kike tsammani ba, ki tambaye shi me ya sa ya zaɓi wannan. Ba ya fara bayani da kansa, amma idan an tambaya yana amsawa.

Kada ku rufe taga ruf alhali garwashi yana ci. Ki kakkaɓe takalminki kafin ki sa. Matan garin suna lulluɓe jikinsu duka idan sun fito, ba sa son a ɗauke su hoto, kada ki matsa musu da kallo. Idan an miƙo miki dabino ki karɓa da hannun dama ki ci, ko kin ƙoshi.

Washegarin saukarmu Siwa aka fita da mu cikin yashi a wata mota mai ƙarfi. A bakin hamada direban ya tsaya ya rage wa tayoyi iska, wai don kada su nutse. Daga nan ya riƙa hawa tuddan yashi masu tsayin bene, ya tsaya a ƙoli har ki ga babu komai a gaba sai sama, sannan ya sako motar ƙasa, hanjinki ya taho wuya. A littafi, wannan ne wurin da jarumi zai riƙe hannun jaruma ya ce kada ta ji tsoro yana tare da ita har abada. Na ajiye hannuna a inda zai gani. Shi kuwa ya miƙa wuya gaba yana tambayar direba yaya ake mayar wa tayoyin iska idan an fito. Na naɗe hannuna na haɗe rai.

A kan wani tudu direban ya fito da wani katako mai santsi da ake zama a kai a sulalo ƙasa. Na ce ba da leshina ba. Abbanki ya tattare kaftani ya hau. Bai kai rabi ba ya wuntsila, ya gangara, hula ta yi nata wuri. Ya tashi fuska duk yashi yana dariya, irin dariyar da ban taɓa jin ya yi ba, ba a gida ba, ba a waje ba. Ta kusa kama ni. Na kau da kai don kada ya ga na yi murmushi, saboda na riga na yanke cewa fushi nake yi.

Duk da haka akwai abin da ya shige ni ba da izinina ba. Da aka kashe motar, shirun wurin ya sauko har ina jin bugun zuciyata. Na cire takalmi, gefen tudun da rana take bugu da ɗumi, ɗaya gefen kuma sanyi ƙalau. Direban ya nuna mana sawun yanyawa, ƙanana kamar an ɗiga da yatsa, da wani sawu da ya ce na barewa ne, sun bi ta nan da sassafe. Can gaba muka tarar da idon ruwa mai zafi a tsakiyar yashi, da 'yan itatuwa kewaye, na tsoma ƙafafuna. Direban ya hura wuta da ƙirare ya dafa mana shayi mai ɗaci a ƙananan kofuna. Har yau idan hayaniyar Dokki ta ishe ni, can nake komawa a raina. Rabin hankalina kawai na ba wurin, ga shi yana riƙe da ni shekara da shekaru. Ina ga da na ba shi duka?

Kin san hoton nan da ke kan talabijin, ni da Abbanki zaune a yashi? Direban ne ya ɗauka. Idan kin dawo ki dube shi da kyau. Mayafina a kwance yake, ko motsi bai yi ba. Kaftaninsa kuwa iska ta cika shi, ya ɗan sunkuya, ido a ƙanƙance. Ya zauna ne ta inda iskar take tasowa, ya tare mini ita da bayansa. Ina zaune ina jiran magana, ban lura da inda ya zauna ba.

Ban ce ki daina karatu ba, ni ma ban daina ba. Littattafan nan su suka riƙe ni a lokacin da ba ni da kowa a garin nan, kuma har gobe idan jarumi ya durƙusa yana ba jaruma haƙuri sai na share hawaye. Na ga wanda kika ɓoye a ƙarƙashin tawul, ban cire ba, ki karanta a hanya, tana da nisa. Amma ki sani Abbanki ba ya magana irin ta littafi, kuma ba zai fara yanzu ba. Ki riƙa lura da inda yake zama, da abin da yake ture miki a faranti, da wanda yake ɗaukar jaka mai nauyi. Idan aka fito da katakon nan, ki hau. Don shi na sa miki wando. Ki faɗi, ki ci yashi, ki yi dariya tare da shi, kada ki bar shi ya yi ta shi kaɗai. Kada dai ki cika ciki kafin ku shiga motar.

Saura na ƙarshe, kuma dominsa na ɗauki alƙalami.

Ranar da za mu taho, bayan sallar asuba, ya fita. Ni na koma cikin bargo na jawo fitila na buɗe littafi. Na zo daidai wurin da aka raba masoyan, ana shirin sasantawa. Gari ya fara haske sai ga shi ya dawo da sauri, yana haki, abin da ba ya yi. Ya tsaya a bakin ƙofa, hancinsa ya yi ja don sanyi, ya ce, "Zulai, taso ki ga wani abu."

Na ce, "Mene ne?"

"Ke dai taso. Yalla, kafin ya wuce."

"Bari in ƙarasa babin nan."

Ya ɗan tsaya. Ina jin tsayuwarsa ban ɗago ba. Sannan ya ja ƙofar a hankali, don kada sanyi ya shigo mini, ya tafi. Da na gama babin na yafa mayafi na fito, na tarar da shi a tsakar gida yana ɗaure akwati. Na ce, "Ina abin?" Ya ce, "Khalas, ya wuce. Ma'alish," wato ba komai. Babu faɗa a muryarsa, da ma ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

Masoyan littafin sun yi aure, kamar yadda suke yi kullum. Littafin yana nan a kan kanta, na sake karanta shi ya fi a ƙirga, babin bai je ko'ina ba.

Na ce za mu koma baɗi in gyara. Ba mu daɗe da dawowa ba gari ya rikice, kin tuna lokacin da aka rufe makarantu muka yi ta zaman gida. Shekarar da ta biyo baya aka ce a dakata, ta gaba ma aka hana fita, hanyoyi ba tabbas. Duk sanyi sai in fito da rigar sanyin da na saya takanas saboda Siwa, in shanya ta, in mayar. Na tambaye shi ya fi sau nawa, "Don Allah me ka gani?" Amsarsa ɗaya ce, "Ba abin faɗa ba ne, Zulai. Sai mun koma." Na yi ta zana shi a raina. Wani lokaci in ce tsuntsayen nan ne masu dogayen ƙafafu da suke sauka a tafkin gishiri da sanyi. Wani lokaci in ce barewa ce ta matso bakin gona. Ko kuwa rana ce ta faɗo a kan kangon tsohon garin. Na rubuta wannan safiya a kaina iri-iri, a kowacce ina ajiye littafin in bi shi.

Bana hanya ta samu, ya kama ɗakin, shi dai wancan ɗakin. Sai likita ta faɗi abin da ta faɗa. Ya ce a fasa. Na ce, "A'a, ka je da Walida."

Ya ce, "Ita ma littafi za ta riƙe."

Na ce, "Ba za ta riƙe ba."

Ya dube ni ya ce, "Kin tabbata? 'Yarki ce fa."

Na ce, "'Yarka ce kuma."

Kin ga ke nan na tsaya miki. Mutumin nan sau ɗaya ya taɓa zuwa da gudu don ya nuna wa wani abin da ya faranta masa rai, aka ce masa ya jira. Tun daga ranar ban sake ganin ya zo da gudu ba. Idan ya sake gwadawa aka sake ce masa ya jira, ina tsoron ba zai ƙara ba, ke kuma ga shi kin kusa barin gida.

Ban san ko abin zai dawo ba, wataƙila na safiya ɗaya ne. Amma na san zai fita bayan asuba ya duba. Don haka ki kwana da safarki a ƙafa, takalminki a bakin ƙofa, rigar buhun nan a kusa da kanki. Idan kin ji ya ce ki taso ki ga wani abu, kada ki tambaye shi mene ne. Ko a tsakiyar layi kike, ki kife littafin ki tashi.

Abin da kuka gani kuma kada ki faɗa mini, ba a waya ba, ba in kin dawo ba. Ya ce sai mun koma, ina nan ina riƙe da maganarsa, ko da furfura ne, ko daga Kano za mu taso. Abu ɗaya nake so ki kawo mini tsaraba. Yayin da yake nuna miki, ki ɗan juyo ki dubi fuskarsa, ki riƙe ta da kyau. Ita na rasa a waccan safiya, ita za ki ba ni labari.

Ki kula da sallarki a kan lokaci, ko ruwan alwala ya yi sanyi, ki roƙi Ammu Idris ya ɗumama miki. Ki tuna wa Abbanki ya sa hularsa. Ki yi mini addu'a a cikin shirun nan, Allah ya sauke ni lafiya.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare gabanki da bayanki, ya sa ki fi ni saurin tashi idan an kira ki. Na bar ku a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata, har ku dawo ku same ni a baranda ina duban hanya.

Wassalamu alaikum.

Ummanki